Amanar Jajayen Fegi

Maigidana, Allah ya jiƙansa, irin mutanen nan ne da in ka ba su ajiyar allura, bayan shekara goma za su miƙo maka ita da guntun zaren da ka bari a jiki. A unguwa Mai Fegi ake ce masa. Ni Malam nake kiransa. Ina so in rubuta yadda ya sami sunan nan da yadda sunan ya juye ya zama gori, domin har yau akwai masu ganin da gangan ya yi abin da ya yi, shi kuwa ba ya nan balle ya kare kansa. Ko da yana nan ma, na san ba zai kare ba.

Bayan layin gidajenmu na ƙarshe akwai wani kwari mai faɗi. Da damina ruwan gari kaf can yake gangarawa, ya kwanta, ƙasa ta shanye shi a hankali. Da rani kuma shi kaɗai ke zama kore. Ba wanda yake da takardarsa, amma kowa yana da abin da yake ɗiba a ciki. Inna mai tabarma, tsohuwar da ke gida na uku daga namu, can take yankan ciyawar saƙa tun tana amarya. Dogo, aminin Malam, can yake kiwon awakinsa. Mu mata mu tsinto busasshen itace, mu ɗebo ganyen magani. Haka muka taso muka tarar.

Malam ma'aikaci ne a wata cibiyar bincike da ke ƙetaren babban titi. Ba wani babban aiki ba ne, ban ruwan furanni ne da aske ciyawar harabar ofis. Firamare kawai ya gama, amma yana da rubutu kamar an buga da inji. Rubutun nan shi ya ja masa.

Wata rana ya dawo da wuri, fuska kamar an yi masa albishir. Ya ce wani matashin dakta a cibiyar ya ga yadda yake cika takardar karɓar kayan aiki, ya tambaye shi inda yake zaune, da ya ji a bakin kwari ne sai ya ce ya sami wanda yake nema.

Na ce, "Me za ka yi masa?"

"Awo."

"Awon me, hatsi?"

"Awon daji, Maman Auta. So yake ya san hidimar da kwarin nan yake yi wa gari: ruwan da yake shanyewa kada ya ci gidaje, sanyin da yake kawowa, zumar da ke sauka a furanninsa. Ya ce in aka rubuta aka sani, ba mai zuwa ya cike mana shi da ƙasa ya yi gini."

Na ce, "Ashe kwari ma ma'aikaci ne. To Allah ya sa a ba shi fansho."

Ya yi dariya har da tari.

Da Daktan ya zo gidanmu na ga yaro ne siriri mai tabarau, mai ladabi. Ya cire takalmi tun daga ƙofa, ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce mini Mama, ya ce wa Malam Baba. Abin da muka dafa shi ya ci, har ya nemi ƙari. Na sa masa albarka da zuciya ɗaya, ba zan ɓoye ba.

Suka yanka filaye ashirin da huɗu a cikin kwarin, kowanne taku goma tsawo, taku goma faɗi. A kowace kusurwa suka kafa fegin ƙarfe, aka shafa wa kansa jan fenti. Aikin Malam shi ne kowane mako ya zagaya su duka. Ya ƙirga bishiyoyi, ya ɗaura musu tef a ƙugu ya rubuta kaurinsu, ya auna tsayin ciyawa, ya zura sanda a wani bututu ya ga inda ruwa ya tsaya. A ƙarshen kowane shafi na littafin awon akwai gidaje biyu na cikewa, ɗaya na alamar sara, ɗaya na alamar kiwo. In ya ga sabon kututture ko wurin da aka yanki ciyawa, ko sawun kofato ko kashin dabba a cikin filin, ya rubuta nawa ne. In bai gani ba ya sa sifili.

A mako na uku bunsurun Dogo ya sosa jikinsa da fegi ɗaya ya karkatar da shi. Dakta ya zo ya gani, ransa ya ɓaci. Ya ce, "Baba, fegin nan amana ne a hannunka. In ya gusa ko da taƙi ɗaya ne, aikin shekara ya lalace."

Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Bai ce a hana mutane ba, bai kuma ce a bar su su yi yadda suka saba ba. Amma ya ce amana, kuma Malam ya faɗa wa.

Washegari bayan la'asar Malam ya sa rigarsa mai kyau ya bi unguwa gida gida. Ni na raka shi gidan Inna.

"Inna, alfarma na zo nema."

"In dai ba aurena ka zo nema ba, faɗi."

"Ai kin fi ƙarfina. Jajayen fegin nan na kwari, don Allah in kin je yanka ki kauce musu. Duk kwarin naki ne, tsakanin fegi huɗu kawai nake roƙo."

"Ɗan wannan wurin? Ko tabarmar jariri ba zai ba ni ba. Je ka, ɗan nan, na bar maka."

Dogo kuwa sai da ya ja rai. Ya ce, "Wato yanzu awakina zan sa a makaranta su koyi jan fenti? Ni kaina ban yi boko ba, sai akuya?"

Malam ya ce, "Akuyar ta fi ka saurin ganewa, ita zan yi wa bayani."

Suka yi ta yi, amma daga ranar Dogo bai sake barin ko ɗan akuya ya tsallaka fegi ba. Haka kowa. Uwa ta ja wa 'ya'yanta kunne, mai itace ya ga busasshen reshe a cikin fili ya haɗiye yawu ya wuce. Ba doka ba ce, ba kuma tsoro ba. Mutum ne da ba ya roƙon kowa komai ya roƙa sau ɗaya, aka yi masa kara. Daga nan sunan Mai Fegi ya bi shi, da wasa da ƙauna.

Akwai wani abu kuma. Sau biyu a shekara Dakta yake zuwa duba filayen da kansa. In zai zo Malam yakan sanar, sai unguwa ta yi abin da ake yi wa baƙo mai daraja: ranar Dogo ya tsare awakinsa a gida, mata su haƙura da itace, Inna ta ajiye laujenta, don kada a cika wa malami kunne yana aiki. Malam har tsintsiya yake ɗauka da sassafe ya share hanyar da Dakta zai bi, wai kada ya taka kashin awaki da takalminsa mai kyau. Dakta ya zo ya tarar da kwari shiru sai kukan tsuntsaye, ya ɗauki hotuna, ya ce masha Allah, ya koma.

Shekara tara Malam yana wannan zagaye. Ya yi da zazzaɓi, ya yi ranar da aka yi jana'izar ƙaninsa bayan an dawo daga maƙabarta. Gidajen nan biyu na ƙarshen shafi kuwa sifili ne tun daga sama har ƙasa, domin abin da ya gani ke nan. Sai dai yana da wata ɗabi'a. A gefen kowane shafi yakan rubuta da fensir, da Hausa, abin da ya faru ranar. Wa ya shiga kwari, me ya ɗiba, wa ya kauce wa fegi. Ƙarshen shekara sai ya kwafe lambobin a takardar cibiya ya kai. Shekarar farko ya kwafe har da na gefen, Dakta ya yi dariya ya ce, "Baba, lambobin kawai nake so. Labarin ka bar wa Mama." Tun daga nan lambobi ke tafiya ofis, littattafan asali kuma su shiga akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gadonmu.

A shekara ta bakwai takardar Dakta ta fito a wata babbar mujallar masana ta waje. Ya kawo mana kwafi da kansa. Sunaye biyar ne a samanta, ba na Malam. A can ƙarshe akwai layi ɗaya da aka gode wa ma'aikatan fili. Ni abin ya ɗan sosa mini rai, shi ko a jikinsa. Ya sa aka yi mata firam ya rataye a falo kusa da agogo, alhali Turancin cikinta ya fi ƙarfinsa, bai taɓa karanta ta ba.

Dakta ya yi masa bayani cewa su a wajensu darajar takarda ba a kaurinta take ba, a yawan masanan da suka ambace ta cikin nasu rubutun take. Akwai wuri a waya da ake ganin adadin. Auta, 'yarmu, lokacin tana kwalejin horon malamai, ita ke duba masa duk Juma'a.

"Nawa muka kai?"

"Ɗari da sittin, Baba."

"Allahu akbar. Maman Auta, kin ji? Mutum ɗari da sittin a duniya sun san kwarinmu."

Muka kai, yake cewa. Ya fita ya gaya wa Dogo, Dogo ya ce a tambaya masa ko cikin ɗari da sittin ɗin akwai mai sayen bunsuru. Ana cikin haka Dakta ya zama farfesa, ya yi ƙiba, ya canza mota, yana ta tafiye-tafiye ana kiransa yin jawabi. Malam dai bai iya sauya baki ba, Dakta yake ce masa.

Shekara biyu bayan haka muka wayi gari da sanarwa manne a bangon makarantar firamare. Hukumar tsara filaye za ta kewaye kwarin da wayar shinge ta mai da shi keɓaɓɓen wuri, ba shiga, ba sara, ba kiwo. An kira taron jin ra'ayi ranar Asabar. A ƙasan sanarwar an ambaci binciken da aka dogara da shi, sai ga sunan takardar da ke rataye a falonmu.

Malam ya sauko da firam ɗin, ya cire ƙusoshin bayansa, ya miƙa wa Auta. "Karanta mini, ki juya mini da Hausa. Kada ki tsallake komai."

Ta yi ta karantawa. Ruwa, bishiyoyi, zuma, duk yana gyaɗa kai. Sai ta zo wani wuri ta tsaya.

"Ci gaba mana."

"Baba, cewa suka yi a duk tsawon shekarun ba a sami alamar sara ko kiwo ko sau ɗaya ba a filaye ashirin da huɗu. Wai wannan ya nuna mutanen gefen kwarin ba sa amfani da shi. Wai shi ya sa yake da lafiya haka, kuma in ana so ya ɗore sai a tsare shi daga hannun mutane."

Ina tankaɗe a lokacin. Na ga hannun Malam ya kama gefen kujera. Sannan ya ce, "Filayen nan, ashe so ake su nuna yadda muke yi da kwarin. Ni kuma na hana a yi."

Ya buga wa Dakta waya. Ranar Juma'a da yamma, ana gobe taro, sai ga motarsa a ƙofar gida. Wannan karon da takalmi ya shigo har tsakar gida, ya tuna, ya koma ya cire. Na kawo shayi na koma bakin ƙofar kicin ina tsince shinkafa. Komai a kunnena aka yi.

Malam ya jera masa littattafai tara a kan tabarma, ya buɗe, ya nuna masa rubutun fensir. Dakta ya karanta shafi ɗaya, ya karanta na biyu, ya ɗauko wani littafin ya buɗe tsakiya. Na ga ya cire tabarau ya goge ya mayar, ya sake cirewa. Shayinsa ya huce bai taɓa ba.

"Wa ya ga waɗannan?"

"Ba kowa. Gobe nake so in kai su taron in ce kuskure nawa ne."

"Baba, saurare ni." Ya matso ya dafa gwiwar Malam. "In ka tashi gaban jama'a ka faɗi wannan, ba za a ce kuskure ba ne, cewa za a yi aikin duka ƙarya ne. Ɗalibai shida sun sami digiri da lambobin nan. Mutum ɗari huɗu sun gina rubutunsu a kai. Kuma in takardar ta faɗi, masu son cike kwarin su yi gini su za su ci riba. Abin ilimi ta hanyar ilimi ake gyara shi. Ni zan yi magana gobe, in ce a dakata. Sannan in rubuta wa mujallar gyara, da sunanka a sama wannan karon."

"Ba suna nake so ba, Dakta. Inna ba ta da wata sana'a."

"Na sani. Ka bar mini. Abu ɗaya nake roƙo: littattafan nan su koma akwati, kada su fito, kada ka yi maganarsu da kowa sai na ce maka. Ka yi mini alkawari."

Na so in yi gyaran murya. Wallahi na so. Na ga yadda idon mutumin yake zuwa kan littattafan yana dawowa, irin kallon da mai ciwo ke yi wa allura. Amma ban saba sa baki in Malam yana da baƙo ba.

Malam ya ce, "Na yi maka alkawari."

Ranar Asabar ajin ya cika har tagogi. Mu mata muna baya, ni kusa da Inna, ta zo da laujenta a cikin zane wai daga nan kwari za ta wuce. Mutanen hukuma uku suna gaba a kan teburin malami, Dakta a gefensu. Dogo ya fara tashi. Ya ce shi shekara talatin yana kiwo a kwarin nan, wanda ya rubuta cewa ba a amfani da shi ya zo ya shinshina rigarsa. Aka yi dariya. Inna ta ɗaga hannayenta ta ce a dubi kantar da ke tafinta, ba tafi ne ya yi mata ita ba.

Sai shugaban taron ya ba Dakta dama. Ya tashi ya gyara kwat. Na ga Malam, a layi na biyu, ya ɗaga kai yana kallonsa kamar mai jiran liman ya ta da salla.

Dakta ya ce yana girmama dattawa, amma ilimi ba da ji-ta-ji-ta yake aiki ba, da lambobi yake aiki. Ya ce, "Kuma lambobin nan ba ni na tattara su ba. Ba baƙo ba ne ya tattara su. Naku ne, ga shi nan zaune. Baba, don Allah tashi."

Malam ya tashi.

"A shekara tara, ka taɓa rubuta abin da ba ka gani ba?"

"A'a."

"Ka taɓa ganin sara ko kiwo a cikin filayen nan ka ƙi rubutawa?"

"A'a, amma..."

"Na gode, Baba. Jama'a, kun fi ni sanin gaskiyar mutumin nan."

Dakta ya zauna. Malam yana tsaye, bakinsa a buɗe. Yana kallon Dakta, yana jiran sauran maganar, wadda aka ce za a ce a dakata. Dakta yana duba wayarsa. Shugaban taro ya ce, "Malam, akwai ƙari?" Alkawarin jiya yana wuyansa. Ya girgiza kai ya zauna.

Inna ta juyo ta dube ni. Ta janye zanenta da ke taɓa nawa.

Bayan wata huɗu aka kafa waya. Dogo ya rabu da awakinsa ɗaya bayan ɗaya, ya bar wata tsohuwa guda da ba mai so. Inna ta koma zaman jiran abin da jikoki za su kawo. Magana ta zaga cewa Mai Fegi ya sayar da kwari, shekara tara yana yi wa hukuma leƙen asiri da sunan awo. In ya doso majalisa sai hira ta mutu. A masallaci a ba shi hannu a zare da sauri. Wata rana ya yi wa Dogo sallama, Dogo ya amsa don sallama ce, sannan ya ce, "Mai Fegi, yau me za a auna? Ɗakunanmu?"

Na ce masa, "Malam, fito da littattafan nan ka nuna musu."

"Na yi alkawari."

"Shi ya cika nasa?"

"Nasa tsakaninsa da Allah. Wataƙila abin ne ya fi ƙarfinsa a gaban manya. Ya ce zai rubuta gyara, irin wannan rubutu yana ɗaukar lokaci." Ya ƙara da cewa, "Kuma ai ba ƙarya suka yi ba, Maman Auta. Ni na bi gida gida."

Duk ranar Litinin sai ya je ofishin Dakta. Sakatariya ta ce ya yi tafiya, yana taro, ya fita yanzun nan. Sau ɗaya suka haɗu a wurin ajiye motoci, Dakta ya sauke gilashi ya ce, "Baba, ina sane, ana kan aiki," ya ɗaga gilashin. Bayan shekara ya koma wata babbar jami'a a wani gari, lambarsa ta daina shiga. Malam bai daina sa Auta ta duba waya ranar Juma'a ba, sai dai tambayar ta canza.

"Gyaran ya fito?"

"Bai fito ba, Baba."

"Adadin fa?"

"Ɗari shida da goma."

Bai sake cewa muka kai ba. Firam ɗin ma bai koma bango ba, ƙusar ce kawai ta rage kusa da agogo.

A damina ta uku bayan kafa waya, ciyawar da Inna da ire-irenta suke yankewa duk shekara ta yi tsayi ta kwanta ta toshe hanyar ruwa. Ruwa ya rasa inda zai bi ya dawo layinmu, ya shiga gida bakwai har da namu. Malam ya ɗora akwatin ƙarfen a kansa ya tsaya cikin ruwa har gwiwa, katifa tana jiƙewa bai kula ta ba. Daga nan ƙirji ya kama shi. Ya yi wata biyu yana jinya, ranar wata Laraba da hantsi ya cika. An zo jana'iza, ba zan ce ba a zo ba. Amma na san yadda unguwarmu take cika in mutumin kirki ya rasu, na kuma ga yadda ta cika ranar.

Da na fita takaba na yi ta juya abin a raina. Na tambayi malamin da ke karantar da mu, ban faɗi suna ba, na ce in mutum ya yi alkawari ya rasu, alkawarin yana hawa kan matarsa? Ya ce in ba ita ta ɗauka ba, ba ya kanta. Na dawo gida na aika a kira mini Dogo da Inna.

Dogo ya tsaya a bakin ƙofa ya ce yana sauri. Inna ta zauna a gefen tabarma, tabarmar ma saƙarta ce. Na buɗe littafi na farko. Rubutun fensir ne da Hausa, wannan kam ina iya karantawa.

"Talata. Inna ta yanka dami huɗu gabas da fili na bakwai. Ciyawar cikin fili ta fi kyau amma ta kauce. Allah ya saka mata."

Inna ta ɗago kai.

"Asabar. Dogo da awaki ashirin da uku, daga hantsi zuwa la'asar. Jar akuyar ta nufi fegi ya jefe ta da takalmi. Takalmin ya faɗa cikin fili, ya tsaya yana kallonsa, sai da na zo na ɗauko masa."

Dogo ya shigo ya zauna. Ya ce, "Takalmin roba ne. Na tuna."

Na yi ta karantawa har aka kira la'asar. Kowa yana ciki, da abin da ya ɗiba, da ranar, da addu'ar da aka yi masa. Sannan na gaya musu zuwan Dakta ranar Juma'a da abin da aka yi a kan wannan tabarmar. Inna ta rufe fuska da mayafi. Dogo ya ce, "Wato mu muka kewaye kanmu. Da kara." Can kuma ya ce, "Shekara uku ina gasa masa magana, yana da wannan a ƙarƙashin gado. Kai, Mai Fegi. Kai, Mai Fegi, ba ka kyauta mini ba." Sai ya fashe da kuka, ƙato da shi.

Auta ta ɗauki hoton kowane shafi. Dogo da mutum huɗu suka kai hukuma. Aka karɓe su da mutunci, aka ce rubutun fensir a gefen littafi ba ya ture takardar da masana ɗari bakwai suka ambata, sai in mai takardar ne ya gyara da kansa. Auta ta samo adireshin Farfesa ta aika masa, da hotunan, da labarin rasuwar. Bayan wata biyu amsa ta zo, layi huɗu. Ya yi mana ta'aziyya, ya ce Baba mutum ne mai amana da ba zai taɓa mantawa da shi ba. Bai ambaci littattafan ba.

Wayar shinge tana nan. Takardar tana nan, Auta ta ce an kusa dubu, na ce ta daina gaya mini. Abin da ya canza kaɗan ne. Yanzu in an ce Mai Fegi a layinmu ana ƙarawa da Allah ya jiƙansa, ban da 'yan tsirarun da ba su zo sun ji ba, su nake rubuta wa wannan.

Lokacin da aka ja wayar, fegi ɗaya na fili na farko ya rage a waje, a bakin hanya. Fentin ya koɗe amma ana gane shi. Duk shekarun nan, har lokacin da ake zagin Malam, ban taɓa ganin wanda ya taka wurin ba, hanya ma sai da ta lanƙwasa ta kauce masa. Shekaranjiya da safe na fito zubar da shara na hangi Dogo a wurin da tsohuwar akuyarsa. Ya tsaya yana kallon fegin. Sannan ya sunkuya ya ɗaura igiyarta a jiki, ya ja ya ga ya riƙe, ya bar ta tana cin ciyawar da ke kewaye.

Ya gan ni. Ya ce, "Maman Auta, a rubuta. Alamar kiwo, ɗaya."

Na koma ciki na ɗauko littafi na tara, akwai sauran shafuka a bayansa. Na rubuta.